Shirin karatun likita daga gida yake farawa

Kowace shekara, ranar da aka bayyana sakamakon jarrabawar bak ta kammala lise a Yamai, akwai gidajen unguwar Banifandou da ba a kwanciya da wuri. Mata na guɗa, yara na shige da fice da kwanonin soye-soye, wayar mai gida ba ta hutawa saboda ƴan uwa na kira daga Maraɗi da Tawa da Doso suna barka. In kuwa daga sashen kimiyya na D ko C yaron ya fito, kafin magariba an riga an laƙaba masa sabon suna, kowa lokotoro yake ce masa. Makonni kaɗan bayan haka ake shiga zaryar takardu, daga ma'aikatar magajin gari zuwa wurin mai hoto, daga can zuwa shagon kwafi. Can sai jerin waɗanda aka ɗauka a sashen likitanci ya fito, a bi shi daga sama har ƙasa ba a ga sunan ba. Uwa ta share hawaye ta ce, "Haƙuri za ka yi, ɗana, ba rabonka ba ne."

Na yarda da rabo kamar yadda kowane mai imani ya yarda da shi. Amma ina da yaƙinin cewa kaso mai yawa na abin da muke kira rashin rabo a wannan fage rashin labari ne da rashin shiri. Basira tana nan a unguwarmu, malaman makaranta shaida ne. Abin da ɗan babban ma'aikaci ya fi ɗan talaka da shi shi ne, tun yana kwaleji akwai mai zaunar da shi ya nuna masa ƙofar da zai bi, darussan da zai riƙe da hannu biyu, da takardun da za a tanadar masa. Ɗan mai kayan miya a kasuwar Wadata ko ɗan direban taksi kuwa sai ya iso bakin ƙofar yake jin sharuɗɗan shigarta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Karatun likita tafiya ce ta shekaru, kuma shirinta aikin gida ne da na unguwa tun kafin ya zama aikin jami'a.

Maganar ta wuce burin gida ɗaya. Mutanen Nijar sun haura miliyan 25, amma likitocinmu ba su kai ko ɗaya ga mutum 10,000 ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa na bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi kusan 45 ga kowane mutum 10,000 kafin kulawa ta kai ga kowa, mu kuwa muna nesa ƙwarai da wannan mizani. Ƴan kaɗan da muke da su ma a Yamai da manyan birane suka fi taruwa, alhali kusan mutum takwas cikin goma a karkara suke zaune. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna mata sama da 400 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar nan. Saboda haka duk yaro mai hazaƙa da ya ɓace a hanya don ba a gaya masa abin da ya kamata a kan lokaci ba, asarar ta kai har ga wata mai naƙuda a ƙauyen da ba a taɓa jin sunansa ba.

Wurin da yawancin yara ke rasa hanyar likitanci ya riga ranar bak da shekara uku. Bayan jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, a ajin farko na lise, hanya take rabuwa biyu: sashen A na adabi da harsuna, da sashen C na kimiyya, wanda daga baya yake rabuwa zuwa C da D. Wanda ya shiga A ya rufe wa kansa ƙofar likitanci da ta haɗa magunguna, ko ya sani ko bai sani ba. Yara da yawa suna zaɓen A ne don tsoron lissafi, ko don abokansu can suka nufa, iyaye kuma ba su da labarin an yi wani zaɓi. Sashen A yana da darajarsa, ƙasa na bukatar alƙalai da malamai da ƴan jarida. Abin da ba daidai ba ne shi ne a bar yaro ɗan shekara goma sha biyar ya yanke hukuncin rayuwarsa shi kaɗai, babu babban da ya zaunar da shi.

Wanda ya shiga kimiyya ma da sauran aiki a gabansa. Ana ƙidaya maki bisa 20, kuma mai 10 ya ci bak, guɗar da za a yi masa ɗaya ce da ta mai 14. A shekaru da dama ko mutum ɗaya cikin uku ba ya cin wannan jarrabawa, don haka murnar tana da dalili. Amma kujerun sashen lafiya ƙidayayyu ne, masu nema sun ninka su, kuma abin da masu tantancewa ke zuba wa ido shi ne makin lissafi da fizik da shimi da ilimin halittu, wanda ɗalibai ke kira SVT. Yaron da burinsa kawai ya tsallake, ko da a zagaye na biyu ne, ya shirya wa wata gasa dabam da wadda zai tarar.

Duk mai yawo da dare a lungunan Banifandou ya san allunan nan da ake yi a jikin bango, a shafe wani sashe da siminti mai laushi a bi shi da baƙin fenti. Ƙarƙashin fitilar titi ko ƙwan lantarkin mai shago za ka ga samari huɗu ko biyar, ɗaya riƙe da alli yana warware lissafi, sauran na zaune kan benci da tubali suna yi masa gyara, hannuwa duk sun yi fari. In wuta ta ɗauke a kunna fitilar waya a ci gaba. Ina ganin girman waɗannan yara ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yawancin allunan ba sa cika sai watan Maris ko Afrilu na shekarar ƙarshe, lokacin da zafin Yamai ya haura digiri 40, jiki ya gaji, kwanaki sun ƙure. Darasin da aka yi wa riƙon sakainar kashi a ajin farko na lise ba ya gyaruwa cikin wata uku. Waɗannan allunan daga shekarar farko ya kamata su fara aiki, sau biyu ko uku a mako, a hankali, ba tare da an hana ido barci ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ba a cika kawo ta ba. Da Faransanci ake koyarwa a sashen lafiya, da shi ake rubuta jarrabawa, da shi ake gabatar da majinyaci a gaban farfesa. Yaron da ya iya lissafi amma ba ya iya karanta shafi goma ya faɗi abin da ke ciki da bakinsa, zai sha wuya a shekarar farko, inda ake jibge masa darussan sassan jiki da aikinsu. Turancin Ingilishi ma ya zama dole, domin da shi ake buga mafi yawan binciken likitanci a duniya. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A gadon asibiti kuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye da Barbarci ne ke aiki. Ɗan Banifandou ya taso yana jin Hausa da Zabarmanci tun yana goye, wannan kuwa jari ne da ya kamata ya riƙe, domin tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba za ta bayyana ciwonta da Faransanci ba.

Sai takardu, inda ƙaramin sakaci ke cinye shekara guda. Na san wata yarinya a unguwar nan da ta ci bak da maki mai kyau. Da ta je haɗa takardunta aka lura sunan mahaifinta Mahamadou ne a takardar haihuwa, a shaidar BEPC kuma an rubuta Mamadou. Ta dawo gida da ambulan a hannu ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, sun ce sunan bai zo daidai ba."

"Wane suna kuma, ƴata? Ni ban san sunana ba ne?"

Ya san sunansa, amma takarda ba ta jin rantsuwa. Gyaran ya bi ta ofisoshi da kotu, kafin a kammala an rufe karɓar takardu. Shekara ta tafi a kan haruffa biyu. Irin wannan ya yi yawa a wurinmu, inda yara da dama ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba sai daga baya aka nemo ta hanyar alƙali, inda kuma kowane magatakarda ke rubuta suna yadda kunnensa ya jiye masa. Maganinsa ba ya cin kuɗi mai yawa in an tashi da wuri. A jera takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan ƙasa da sakamakon kowace shekara a kan tabarma, a bi su harafi bayan harafi, rana da wata da shekara. A tanadi kwafi masu hatimi, a ɗauki hotonsu a ajiye a waya. Sharuɗɗan shiga da ranakun rufewa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar bana ake nema daga jami'a ko ma'aikatar ilimi mai zurfi a karanta da ido, kada a dogara da abin da wani ya ji a fada ko aka turo a WhatsApp.

Ya kamata kuma gida ya san tsawon hanyar kafin a ɗauki ƙafa. A 1971 aka kafa cibiyar da daga baya ta zama jami'ar Yamai, aka buɗe makarantarta ta kimiyyar lafiya a 1974, sannan a 1992 aka raɗa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni. Kafin wannan makaranta, ɗan Nijar mai son likitanci sai ya bar ƙasa, galibi zuwa Dakar, inda Faransawa suka buɗe makarantar likitoci tun 1918. Yau jami'ar André Salifou ta Damagaram da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ma suna horar da likitoci, kuma bai kamata ɗan Yamai ya raina su ba. Ko'ina aka shiga, shekara bakwai zuwa takwas ake yi kafin a kare kundin digiri a yi rantsuwa. Shekarun farko na aji ne da ɗakin gwaji, daga nan rabin rayuwar ɗalibi ta koma asibiti: babban asibitin ƙasa, asibitin Lamorde mai sunan Amirou Boubacar Diallo, gidan haihuwa na Issaka Gazoby, da babban asibitin da ƙasar Sin ta gina. Safiya zagayen majinyata, yamma aji, wasu darare kuma gadi har gari ya waye.

Jami'ar tana Harobanda, a ɗaya gefen kogin Kwara. Ɗalibin da ke kwana a Banifandou kullum sai ya ratsa gari ya haye gada, ya kuma dawo. Kuɗin taksi ko faba-faba, abincin rana, kwafin darussa, farar riga, na'urar sauraren ƙirji da ta awon jini, kwamfuta da kuɗin intanet, duk ƙanana ne in an ɗauke su ɗaya-ɗaya, amma a tara su cikin shekara takwas a ga nauyinsu. Tallafin karatu na hukumar ANAB yana da nasa sharuɗɗa da wa'adi, kuma ko an samu ba zai ɗauke dukan nauyin ba. A cikin waɗannan shekaru abokan yaron za su fara kasuwanci, wasu su yi aure, shi kuwa yana miƙa hannu a ba shi kuɗin mota. Gidan da bai zauna ya yi wannan lissafi tun farko ba, a shekara ta uku ake fara jin, "Wai kai yaushe za ka gama ne?" Wannan tambaya ta karya gwiwar ɗalibai da yawa. Gara a tara kawunnai da gwaggwanni tun farko, a faɗa musu gaskiyar shekarun, kowa ya ɗauki abin da zai iya.

Ga ƴaƴa mata lissafin ya fi haka nauyi. A ƙasar da mata uku cikin huɗu ke yin aure kafin shekara 18, yarinyar da ta kai ga bak a sashen kimiyya ta riga ta tsallake shingaye da yawa. Aure da karatun likita suna iya tafiya tare, mata da dama sun haɗa su sun kuma gama lafiya. Amma sai an yi maganar a fili kafin a ɗaura, a gaban waliyyai, mai neman ya san akwai kwanan asibiti, akwai jarrabawa ko da goyo a baya, akwai yiwuwar a tura ta aiki wani gari. A gida ma a sassauta mata. Ba zai yiwu ɗan uwanta na gaban allo ita tana gaban murhu har ƙarfe tara na dare ba, sannan a ce maki ɗaya ake jira daga gare su. Mun san yadda mata da yawa ke ɓoye ciwonsu har ya yi nisa don nauyin buɗe baki ga namiji. Kowace likita mace da kowace ungozoma da muka samu tana rage wannan shirun.

Bayan maki da takardu da kuɗi, akwai tambayar da ta fi su duka, wadda ba a rubuta ta a kowace sanarwa: yaron da kansa yana so? Sau da yawa burin uba ne ake ɗora wa ɗa, ko sha'awar farar riga da girman suna. Kafin a ajiye takardu, ina ba da shawara yaro ya ga aikin da idonsa. Ya raka ɗan uwa jinya ya kwana a asibiti. Ya je cibiyar lafiya ta unguwa a watan Agusta ko Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, ya tsaya ya kalli layin uwaye tun da asuba, ya ga ma'aikacin jinya ɗaya yana duba yaro bayan yaro, wani na amai, wani na sanƙamewa, ga uba a bakin ƙofa yana juya takardar magani a hannu don ba shi da kuɗinta. Ya shiga horon agajin gaggawa na ƙungiyar Kuros Ruj, in shekarunsa sun kai ya ba da jini. Mutanen Yamai ba su manta da sanƙarau na 2015 ba, wanda ya kama sama da mutum 8,000 a ƙasar ya kashe fiye da 500, lokacin da cibiyar jinya ta Lazare ta cika maƙil ma'aikata suna kwana a tsaye. Wannan shi ne aikin. Wanda ya gan shi zuciyarsa ta ƙara karkata gare shi, a taimaka masa da duk abin da ake da shi. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya faɗa tun da wuri, kuma kada a ɗauke shi ragon yaro. Ya ceci kansa, ya kuma bar kujerar ga mai sonta.

Wani kuskuren namu shi ne ɗaukar cewa in ba likita ba, to an faɗi. Asibiti ba ya tafiya da likita shi kaɗai. Mai fiɗa ba ya taɓa wuƙa sai mai sa barci ya zo. Ba a ƙara wa mutum jini sai ɗakin gwaji ya tabbatar da shi. Akwai ungozoma, ma'aikacin jinya, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, mai haɗa magunguna, likitan haƙori, da mai gyaran na'urori, wanda rashinsa ke sa injin miliyoyi ya kwanta shekara da shekaru. Makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa mai sunan Damouré Zika a Yamai da takwararta ta Damagaram sun daɗe suna fitar da irin waɗannan ma'aikata, kuma su ne ke riƙe da cibiyoyin lafiya na karkara. A 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu, a watan Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da ciwon makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Waɗannan nasarori da ƙafafun ƙananan ma'aikata aka same su, masu bin ƙauyuka, masu rabon magani, masu duba samfuri a madubin gwaji. Yaro mai wayo yakan ajiye takardu a wuri fiye da ɗaya.

Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita a Yamai, allunansu na kowace babbar hanya. Akwai nagari a cikinsu, akwai kuma waɗanda kuɗin rajista kawai suka sani. Kafin uba ya sayar da fili ko uwa ta kwashe adashinta, a tambayi abu uku, a kuma nemi gani a rubuce: izinin gwamnati na koyar da wannan fanni takamaimai, asibitin da ɗalibai ke zuwa koyon aiki da yawan watannin da suke yi, da adadin ɗalibansu da suka ci jarrabawar ƙasa ta bai ɗaya a shekarun baya. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba da amsa.

Haka zancen yake ga karatu a waje. Ƴan Nijar suna karatun lafiya a Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Senegal da Kuba da Sin da Turkiyya da Rasha, wasu kuma a Sakkwato da Zariya da Kano, inda ake koyarwa da Ingilishi kuma akwai jarrabawar shiga irin tasu. Da yawa sun dawo da ilimi mai amfani. Amma kafin a tafi a tabbatar za a amince da shaidar in an dawo gida. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968 take da mazauni a Wagadugu, tana tantance shaidun karatu tsakanin ƙasashen da ke cikinta, kuma ma'aikatarmu na da ofishin daidaita shaidu. A tambaye su tukuna. A yi hattara da dillalan da ke tallan gurbi a Facebook suna neman a tura kuɗi cikin kwana biyu, domin guraben da gwamnati ke samowa ta sanarwar hukuma suke fitowa. A kuma yi tunanin abin da ba a fata. Yaƙin Yukren a Fabrairun 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun tarwatsa dubban ɗaliban likitanci na Afirka, wasu sun dawo a shekara ta biyar ba su da ko takardar sakamako a hannu. Duk mai karatu a waje ya karɓi sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara ya aiko da kwafi gida.

Wanda ya riga ya zama likita ko ma'aikacin jinya ma shiri bai ƙare masa ba. Ƙwarewa a fanni ɗaya tana cin wasu shekara huɗu ko biyar. Wasu fannonin, kamar fiɗa da kula da mata masu ciki, ana yin su a Yamai, wasu kuwa sai an je Dakar ko Abijan ko Kwatano ko Maroko. Tun wajen 2006 ƙasar ta fara horar da likitocin gama-gari na shekara guda a kan fiɗar gaggawa, don mai naƙudar da haihuwa ta gagara ta samu a yi mata aiki a asibitin gundumarta maimakon a kwashe ta tafiyar ɗaruruwan kilomita. A 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta fara gashin cutar da na'ura. Kowace irin wannan ƙofa da aka buɗe tana neman ƙwararru, kuma tun daga shekarun jami'a ake gina cancantar. Ɗalibi ya rubuta kundinsa da guminsa, ya riƙe littafin ayyukan da ya yi da hannunsa, ya koyi karanta bincike da Ingilishi, ya zauna lafiya da malamansa domin shaidarsu za a nema gobe. In an tura shi Difa ko Bilma ya je, don shekara biyu a asibitin gunduma tana koyar da abin da ba a samu a birni.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za su nuna likitocin da suka gama, suka yi bautar ƙasa ta shekara biyu, suna yawo tsakanin asibitocin kuɗi suna jiran a ɗauke su aiki, wasu har sun gaji sun bar ƙasar. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne ƙasar da ke kukan rashin likitoci ta bar nata a zaune. Tun 2006 aka yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, a watan Agustan 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin kulawa da rabi a asibitocinta ta mai da haihuwa kyauta. Matakai ne masu kyau, amma duk sauƙin da aka yi yana ƙara yawan masu zuwa, kuma dole a ƙara masu tarbarsu. Ɗaukar ma'aikata a kai a kai, gidan kwana da alawus ga mai aiki a karkara, da bayyana sharuɗɗan shiga makarantu da wuri a rediyo cikin harsunan ƙasa, duk haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma za mu ci gaba da nemansa. Sai dai jinkirin hukuma ba dalili ba ne na mu bar yaranmu su isa ƙofa ba shiri. Yaron da ya shiga lise bana sai bayan shekara goma zai riƙe majinyaci, kuma a lokacin mutanen ƙasar nan sun ƙaru da miliyoyi.

Abin da ke hannunmu mu yi shi. Banifandou tana da ƴaƴanta a sashen lafiya na jami'a, tana da ma'aikatan jinya da ungozomomi da malaman kimiyya, wasu suna aiki wasu sun yi ritaya, muna haɗuwa da su kullum a masallaci da wurin suna. Ƙungiyoyin iyayen yara da masu unguwa su gayyace su sau biyu a shekara, zama ɗaya don ƴan ajin ƙarshe na kwaleji da iyayensu kafin a zaɓi sashe, ɗaya kuma don ƴan ajin ƙarshe na lise kafin a buɗe karɓar takardu. A yi bayanin da Hausa da Zabarmanci don uwar da ba ta yi boko ba ta fahimta. Fadojin samari su tattara tsofaffin littattafai da tambayoyin jarrabawar shekarun baya a ajiye a wuri ɗaya mai fitila. Matan da ke adashin biki su ware zubi ɗaya don kuɗin motar ɗalibar da ta samu shiga. Wanda ya haye kuma ya waiwayo ya kama hannun na baya, ko da awa biyu ne a mako.

Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko ƴa ko ƙane a kwaleji ko lise, kada ka jira sakamakon bak. A cikin makon nan ka ɗauko takardunsa ka duba sunayen da ranakun, ka je makarantarsa ka ga malamin lissafi da na kimiyya, sannan ka zaunar da shi ka tambaye shi abin da yake so ya zama, ka kuma saurari amsar har ƙarshe. Allah Ya yi wa yaranmu jagora, Ya ba marasa lafiyarmu masu kula da su.